Sarrafa Hotunan Tauraron Ɗan Adam: Darasi Daga Tafkin Cadi

Gabatarwa

Akwai wasu hotuna na Tafkin Cadi da suka zaga duniya, waɗanda akan jera su ɗaya bayan ɗaya a littattafan labarin ƙasa da wuraren taro. Na farkonsu na shekarar 1963 ne, daga cikin hotunan leƙen asiri da gwamnatin Amurka ta buɗe wa jama'a a 1995. A cikinsa ana ganin ruwa shimfiɗe a fili mai faɗin murabba'in kilomita 25,000 ko kusa da haka. Na 1973 da na 1987 da na 2001 kuwa suna nuna ruwan yana ta tsukewa, har ya koma ɗan shuɗin tabo a bakin kogin Shari. Daga nan ne maganar nan ta yaɗu cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Maganar ta yi nauyin da har ta zama babbar hujjar masu son a haƙa magudana mai tsawon kimanin kilomita 2,400 don jawo ruwa daga yankin kogin Kwango, watau shirin Transaqua wanda aka tattauna a taron Abuja na watan Fabrairun 2018.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, shi ya sa da wuya a yi gardama da hoto. Sai dai abin da tauraron ɗan Adam yake aikowa ƙasa ba hoto ba ne irin na mai ɗaukar hoton kasuwa. Lambobi ne tsagwaronsu, kuma kafin su zama abin da ido zai kalla sai sun bi ta hannun mutane waɗanda suka gyara, suka zaɓa, suka yanke hukunci a kowane mataki. Wannan maƙala za ta bi waɗannan matakai, ta nuna yadda zaɓin mai sarrafawa yake iya ƙara wa tafki girma ko ya rage shi, sannan ta duba yadda ake fitar da taswirar tudu da kwari daga sama. Ilimin da ake magana a kansa za a kira shi tsinkayen nesa, domin tsinkaya a Hausa gane abu ne tun ba a isa gare shi ba, kuma ma'anar ke nan da ake bukata.

Abin da tauraron yake aikowa

Ranar 23 ga Yuli, 1972 hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron da daga baya aka sa wa suna Landsat 1. Yana ɗauke da wata na'urar auna haske wadda Virginia Norwood ta tsara a kamfanin Hughes. Aikin na'urar shi ne ta riƙa sharar doron ƙasa layi-layi da madubi mai kai da komo, a faɗin kilomita 185, tana auna yawan hasken ranar da ƙasa ta mayar sama. Kowane ɗan fili da ta auna shi ne ɗigo guda a hoton. A wancan tauraro ɗigo guda ya kai kimanin eka ɗaya. Daga Landsat 4 na 1982 zuwa yau ɗigon ya koma mita 30 tsawo, mita 30 faɗi. Duk abin da ke cikin wannan fili, bukka ce ko rijiya ko kuka ko garken awaki, ana cuɗe shi ya zama lamba ɗaya tak.

Lambar ita ce ma'aunin haske. A na'urar Landsat 4 da 5 tana kamawa daga 0, watau duhu, zuwa 255, watau iyakar haske. Hoto guda yana da ɗigo sama da miliyan 30, kuma kowane ɗigo ba lamba ɗaya gare shi ba, domin ana auna shi a zango-zango na haske. Mai sauraron rediyo ya san cewa tasha takan zo a mita 31 wata a mita 49, alhali duk iska ɗaya suke bi. Haka haske yake: shuɗi da kore da ja kowanne da tsawon zangonsa, kuma gaba da ja akwai wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda za a kira shi ɓoyayyen ja. Wannan zango shi ne ya fi kowanne amfani a nan. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, amma yana watso ɓoyayyen ja da ƙarfi. Ruwa kuwa haɗiye shi yake yi kusan ƙaf. Yashi yana mayar da duka biyun daidai wa daida. A kan wannan bambanci aka gina mafi yawan aikin.

Wanke lambobi

Lambobin da suka iso tashar ƙasa ɗanyu ne, kuma cike suke da aibu iri biyu: na haske da na wuri.

Aibin haske wani daga na'urar yake. A Landsat na farko idanu shida ne suke auna kowane zango a tare, to da yake ba su taɓa zama daidai da juna ba, sai hoton ya fito da zane-zane kamar saƙi, ana maimaitawa bayan kowane layi shida. Maganinsa shi ne a daidaita matsakaicin lambobin kowane ido da na sauran. Landsat 7 kuma, wanda aka harba a 1999, wani ɗan ƙarfensa mai daidaita layi ya lalace ranar 31 ga Mayu, 2003, tun daga nan kowane hotonsa ya riƙa zuwa da giɓi na kimanin kashi 22 cikin 100, sai an ciko daga hoton wata rana.

Amma babban mai ɓata haske shi ne sararin samaniya kansa. Hasken rana yakan ratsa iska sau biyu, da saukowa da komawa, kuma ƙura da tururi suna watsa wani kaso nasa zuwa idon tauraron tun bai taɓa ƙasa ba. A ƙasashen Sahel wannan matsala ce mai kaifi biyu: da damina gajimare ya rufe ƙasa, da hunturu kuma, lokacin da sama ta washe, hazo ya sauka. Hanya mafi sauƙi ta cire hazo ita ce a nemi wani abu a hoton wanda ya kamata ya zama baƙi ƙirin, kamar ruwa mai zurfi garau, a ga lambar da ya nuna. In ya nuna 12 maimakon 0, sai a ɗauka cewa hazo ne ya ƙara 12, a debe ta daga kowane ɗigo na wannan zango. Dabara ce mai kyau, sai dai Tafkin Cadi ba shi da zurfi, ruwansa kuma sau da yawa gurɓatacce ne da laka, saboda haka wanda ya mai da shi ma'aunin baƙi zai debe fiye da kima. Manyan cibiyoyi a yanzu lissafin yanayin iskar ranar suke yi su cire, su ba da hoton a wanke.

Aibin wuri kuwa asalinsa motsi ne. Kafin Landsat 1 ya gama sharar hoto guda yakan ɗauki daƙiƙa 28 ko kusa da haka, a wannan ɗan lokaci kuma duniya ta juya gabas da kimanin kilomita 13 a yankunan da ke kusa da tsakiyarta. Shi ya sa tsofaffin hotunan Landsat suke a karkace. Ana miƙe su ta hanyar nemo wuraren da aka san matsayinsu a ƙasa sarai, kamar mararrabar hanya ko gada ko kusurwar filin jirgi, a ɗaure hoton a kansu, sannan na'ura mai ƙwaƙwalwa ta ja sauran ɗigon zuwa inda ya dace. A nan akwai wani tarko da ɗalibai ke yawan faɗawa. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya an gina su ne a kan ma'aunin da aka kafa a Minna, hotunan yanzu kuwa a kan ma'aunin duniya na 1984 suke, irin wanda na'urar GPS take bi. Wanda ya ɗora ɗaya a kan ɗaya bai juya ba, zai ga hanya ta kauce wa kanta da gomman mitoci, har ya zaci rafi ne ya sauya mabi.

Launi da lissafi

Jan launin da akan gani a hotunan tauraro yakan rikitar da baƙo. Da yake ido launi uku kawai yake haɗawa, mai sarrafawa ne yake zaɓen zango uku ya ba kowanne launi. Al'adar da aka fi bi ita ce a ba ɓoyayyen ja launin ja, a ba ja launin kore, a ba kore launin shuɗi. Sakamakon haka fadama da gonar rani su fito jajir, ruwa ya fito baƙi ko shuɗi mai duhu, yashi ya fito fari-fari. Wani kuma ya sake rabon, ciyayi su fito kore. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Amma ya kamata mai kallo ya san cewa launin zaɓi ne.

A 1973 wasu masana a jami'ar Texas A&M, a ƙarƙashin John Rouse, suka fito da wani ɗan lissafi wanda har yau shi ne ma'aunin tsanwar ƙasa da aka fi amfani da shi. A debe ja daga ɓoyayyen ja, a raba abin da ya rage da jimlar su biyun. Alal misali, a ce gonar dawa ta mayar da kashi 45 na ɓoyayyen ja da kashi 5 na ja: 40 a raba da 50, an sami 0.8. Tudun yashi mai 35 da 30 zai ba da 5 a raba da 65, watau ƙasa da 0.1. Ruwa mai 1 da 4 zai faɗa ƙasa da sifiri. Da wannan ma'auni Compton Tucker da abokan aikinsa suka nuna a 1991 cewa iyakar Sahara ta kudu ba tafiya take yi gaba ɗaya babu waiwaye ba: ta gangaro kudu daga 1980 zuwa farin 1984, ta kuma ja da baya da ruwan sama ya dawo.

Mataki na gaba shi ne rarrabewa, inda za a ce wa na'ura ta raba dukkan ɗigon gida-gida: wannan ruwa, wannan gona, wannan daji, wannan gari. Ko dai a nuna mata misalai daga wuraren da aka taka da ƙafa aka tabbatar, ta nemo masu kama da su. Ko kuwa a bar ta ta tara masu kama da juna, daga baya mutum ya raɗa wa kowane tari suna. Ko wace hanya aka bi, na'urar ba ta san ruwa ba, lamba ta sani.

Ina ne bakin tafki?

To a nan ne gizo yake saƙa. Tafkin Cadi ya ragu ƙwarai, wannan ba abin musu ba ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa daga Shari da Logon yake zuwa, kuma da fari ya tsananta a farkon shekarun 1970 ruwan ya ja har wani tudu da ke kwance a tsakiyar tafkin ya bayyana a 1973, ya raba shi gida biyu. Kwarin arewa, wanda Nijar da Nijeriya suka fi dogara da shi, ya koma sai abin da ya tsallako tudun da ɗan abin da Komadugu Yobe ta kawo, ya kuma bushe sau da dama a shekarun 1970 da 1980. Aikin noman rani na Kudancin Cadi da aka kafa a Marte ya rasa ruwan da aka gina shi dominsa. Masunta sun bi ruwa har suka kafa ƙauyuka irin su Darak a inda da ruwa ne, abin da ya shiga cikin shari'ar iyaka tsakanin Kamaru da Nijeriya wadda kotun duniya ta yanke a watan Oktoban 2002.

Tambayar ita ce, nawa ya rage? Da tafkin ya zama marar zurfi, sai kacala da kainuwa da sauran ciyayin ruwa suka lulluɓe mafi yawansa. Tauraron da ke auna hasken rana saman ganyen yake gani. Ɓoyayyen ja ya dawo da ƙarfi, lissafi ya ba da 0.6 ko 0.7, na'ura ta rubuta ciyayi. Alhali mai kwalekwale yana tuƙi a ƙarƙashin wannan ɗigo, yana kuma kama tarwaɗa. Adadin nan na ƙasa da murabba'in kilomita 2,000 da ake yawan ambata, kamar 1,350 da ya yaɗu bayan binciken Michael Coe da Jonathan Foley na 2001, buɗaɗɗen ruwa ne kawai. Idan aka kwatanta shi da 25,000 na 1963, lokacin da tafkin yake kan ganiyar cikarsa a ƙarni na 20, an gwada abu biyu ne da ba jinsi ɗaya ba.

Masana sun bi ta wasu ƙofofi don su ga ruwan da ke ɓoye. Ɗaya ita ce zafi. Da tsakar rana busasshiyar ƙasar Sahel takan yi zafi ƙwarai, amma ciyawar da ƙafarta ke cikin ruwa takan kasance da sanyi. Marc Leblanc da abokan aikinsa sun yi amfani da ma'aunin zafi na tauraron Meteosat, suka wallafa a 2011 cewa filin da ruwa ya mamaye ya ninka buɗaɗɗen ruwan sau da yawa. Ɗaya ƙofar ita ce rada, wadda take aika nata sigina ta saurari amsa, ba ruwanta da dare ko gajimare ko hazo. Ruwa mai santsi yakan kautar da siginar ta tafi can, sai ya fito baƙi. Amma inda karan ciyawa yake tsaye cikin ruwa, siginar takan bugi ruwa ta bugi kara ta dawo, wurin ya fito da haske fiye da kewayensa. Ita ma tana da nata ruɗin, domin busasshen yashi mai laushi yakan fito baƙi kamar ruwa. Binciken da Binh Pham-Duc da abokansa suka wallafa a 2020, wanda ya haɗa ma'aunai iri-iri, ya nuna cewa a shekaru 20 da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, kwarin kudu ma ya tsaya da ƙafarsa.

Sai kuma batun wata. Ambaliyar Shari ba ta cika tafkin sai bayan damina ta ɗauke, wajen Nuwamba zuwa Janairu, sannan ya yi ta ja har zuwa Yuni ko Yuli. Hoton Janairu na wata shekara da hoton Yuni na wata, in aka jera su, za su ba da labarin da aka ga dama. Duk jerin hotunan da bai faɗi watan kowanne ba, da na'urar da ta ɗauka, da abin da aka ƙidaya a matsayin ruwa, bai cancanci a gina magudanar biliyoyin daloli a kansa ba, bai kuma cancanci a kafa hujja da shi cewa masunta ba su da matsala ba.

Taswirar tudu da kwari

Hoton haske ba ya faɗin tsayi. Don a san tudu da kwari sai an kalli wuri ɗaya daga kusurwa biyu, kamar yadda idanu biyu suke ba mutum sanin nisa. A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana zaga duniya da eriyar rada biyu, ɗaya a cikinsa, ɗaya a ƙarshen sanda mai tsawon mita 60. Sigina ɗaya takan dawo wa eriyoyin biyu da ɗan bambancin tafiya, daga wannan bambanci ake lissafa tsayin wurin da ta buga. Aikin, wanda ake kira SRTM, ya auna kusan kashi 80 cikin 100 na sandararriyar ƙasar duniya. Da farko an saki na Afirka da ɗigo mai mita 90, sai a 2014 aka saki mai mita 30.

Nan ma lambobi ne, sai dai kowace lamba tsayi ce daga matakin teku. Ana cike giɓin da rada ta bari a kan tuddan yashi da duwatsu masu tsini. Ana ba kowane tsayi launinsa. Ana ƙirƙiro rana ta ƙarya a ajiye ta a arewa maso yamma, na'ura ta zana inuwar da kowane tudu zai yi, sai ƙasa ta taso a takarda. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa akan ninka tsayi sau da yawa da gangan, don tudun da matafiyi ba zai lura da shi ba ya fito fili. Daga nan ake zana layukan tsayi, a kuma lissafa inda ruwan kowane ɗigo zai gangara.

Da aka yi wa kwarin Cadi wannan aiki, sai wani abu ya bayyana wanda masana suka daɗe suna gardama a kansa. Akwai wani dogon tudun yashi a Borno, wanda ya bi ta Bama da Maiduguri, wanda tuntuni wasu suka ce tsohuwar gaɓar tafki ce. Taswirar tsayi ta nuna cewa tudun yana kan mataki ɗaya, kimanin mita 320 zuwa 325, da wasu tuddai da tsofaffin bakunan koguna da ke can cikin Cadi, ɗaruruwan kilomita daga nan. Ruwa ne kaɗai yake ajiye alama a mataki ɗaya a irin wannan nisa. Da aka ce wa na'ura ta cika kwarin zuwa wannan layi, sai ga tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 350,000, wanda ya wanzu wajen shekaru 7,000 da suka wuce, yana tumbatsa ta Mayo Kebbi zuwa Binuwai. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a ƙasar Yobe ta yau, mai kimanin shekaru 8,000, shaida ce cewa mutanen wancan zamani mai dausayi ma'abota ruwa ne.

Taswirar ta kuma nuna cewa tafkin yau, wanda yake kan kimanin mita 280, ba shi ne gindin kwarin ba. Gindin yana arewa maso gabas, a Bodele, fiye da mita 100 ƙasa da shi, kuma busasshen kwarin Bahar el Gazal ne ya haɗa su. Farar lakar da tsohon tafkin ya bari a Bodele ita ce iska take kwasa da hunturu, tana cikin manyan tushen hazon da yake sauka a Kano da Zinder.

Sai dai ma'aunin da ya iya gano gaɓar da ta shekara dubbai ya gaza a kan tambayar da ta fi damun mai noman rani a Baga ko Bosso, watau ko ruwa zai tsallaka zuwa kwarin arewa bana. Rada ta SRTM saman abin da ta tarar take aunawa, ko kan bishiya ne ko kan kacala, kuma kuskurenta yakan kai 'yan mitoci. Tudun da ya raba tafkin kuwa, rabin mita na ruwa yana iya zama bambanci tsakanin tsallakawa da tsayawa, ga shi kuma ciyayi sun cushe shi suna rage wa ruwa gudu. Don haka masu hasashen ambaliyar tafkin sukan haɗa da wani ma'aunin, irin na tauraron TOPEX/Poseidon na 1992, mai auna matakin fuskar ruwa a duk inda ya ratsa, sannan su gwada shi da sandunan awon ruwa da ke kafe a kogin Shari a Njamena da kuma a Bol, a bakin tafkin.